Mai Ba Ƙarfe Ruwa

Ranar da na fara lura da Mai Rediyo sosai, yayyafi aka wuni ana yi, irin wanda ba ya ƙaruwa ba ya ɗaukewa. Kowa na ɗaki, shi kuwa yana tsakar gida da guduma, yana buga wani dogon ƙarfe na tagulla cikin ƙasa. Na leƙo ta taga na ce ko lafiya.

"Lafiya lau, Baba. Yau ƙasa ta yi laushi."

Gidan haya ne, ɗakinsa na kallon nawa. Gyaran rediyo yake yi a bakin titi, amma abin da ke ransa wata na'ura ce da ya haɗa da hannunsa: bututun roba da ya nannaɗe da siririyar waya, da wani abu kamar murfin tukunya a kai. In ya kunna ta, sai ta riƙa tofar da walƙiya shuɗiya, tana ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Ba ta girki, ba ta ɗinki. Matarsa ta sha tuna masa.

Irin wannan na'ura sai an yi mata hanyar da wuta za ta bi ta shige ƙasa. Da fari a bututun famfon tsakar gida ya ɗaura wayar. Ran nan Inna mai gidan ta zo wanke hannu, wuta ta ja ta a famfon. Ba ta yi ihu ba. Ta je ƙofarsa ta tsaya.

"Ɗan nan, in famfona ya sake gaishe ni, ka nemi wani gidan."

Dalilin ƙarfen ke nan. Ya ɗaura masa waya mai kauri, gajera, wadda ba ta haɗa hanya da wayar gida ba. Wayoyin babbar wuta kuma ya zura su cikin tiyo, ya ɗage su daga ƙasa. Ko ya kashe na'urar, ba ya taɓa ta sai ya zungure ta da sanda mai waya a baki, ta sauke sauran wutar. Hannu ɗaya a aljihu yake yin wannan. Ya ce in wuta ta shiga ta hannu guda ta fita ta ɗayan, ta kan zuciya take bi.

Da rani ya shigo, sai ya fara ba ƙarfen ruwa da buta kowace safiya, wai busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Tela na ɗakin ƙarshe ba ya barin wannan ya wuce.

"Malam, ya fara toho?"

"Sai baɗi."

"To in ya yi 'ya'ya, a ajiye mini ƙusa biyu."

Famfo bai sake gaida kowa ba. Sai dai wurin ya zama taɓo, mutane kuma sun sha cin tuntuɓe da ƙarfen. Inna ta ce za a shafe tsakar gidan da siminti, a cire shi. Mai Rediyo ya roƙa a bar masa wuri kamar faɗin faranti.

"Taɓo nake gudu, kai kuma kana neman gonar taɓo," in ji ta.

Aka shafe. Tela ya ba shi shawara ya mayar da wayar famfo, ya riƙa kunnawa in Inna ta fita unguwa.

"Yara na shan ruwa a famfon nan," in ji Mai Rediyo.

Ya rufe na'urar da buhu. In ya dawo aiki sai ya zauna bakin ƙofa, butar na gefensa babu ruwa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Matarsa ce ta gaji.

"Da ƙara ta dame ni, yanzu shirunka ya dame ni. Nemo mana gida mai ƙasa."

Na taya su ɗora kaya a mota. Ƙarfen ya riƙe da kansa, bai ba kowa ba.

Yanzu suna bayan gari, kusa da rafi, inda ƙasa ba ta bushewa. Mota biyu yake hawa kafin ya isa shagonsa. Na'urar tana aiki. Butar kuwa ya bar mini ita.