Ranar da Aka Cika Mini Shago

Duk shekarun da na yi ina sayar da atamfa a kasuwar bakin iyaka, ban taɓa barin ɗana ya taka shagona ba. Gidanmu yana cikin Bagudo, shagon yana can dab da Benin, kuma tun yana goye na ƙudurta boko zai yi. Ni na san abin da kasuwa ta yi wa gwiwoyina. Ga shi ɗan fari, ka kuwa san halinmu da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba ma zaman hira. Duk abin da ya sani game da ni a bakin mutane ya ji, su kuma tsohon labari suke ba shi, na zamanin da nake ƙetarawa in ciko mota da kaya.

Wannan zamani ya wuce. Aka rufe boda, aka zo aka buɗe, sefa, kuɗin Benin, ta hau ta bar mu a ƙasa. Kaya suka yi ta raguwa a kanta har na koma warware turmi guda in rufe gurbin sauran, daga baya wannan ma ya gagara. Kullum dai ina hawa mashin in tafi, in buɗe, in share, in zauna. 'Yar shinkafar da nake nomawa a fadama ita ke riƙe da gidan. Abin da ya rage mini kaf shi ne girman da nake da shi a idon yaron nan, kuma wallahi ba na son in rasa shi.

Yana ajin ƙarshe a sakandare uwarsa ta tare ni da magana. Wai malaminsu na darasin kasuwanci ya raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ta je ta yi hira da wani mai sana'a ta ji yadda ya fara. Ƙungiyarsu ni ta zaɓa.

Na ce, "Ikon Allah! Attajiran Bagudo sun ƙare ne?"

Ta ce, "Shi ya kawo sunanka. Ya riga ya cika wa abokansa baki, ranar kasuwa suna tafe."

Na kai kukana wurin maƙwabcina a layi, wani dattijo mutumin Geza mai sayar da shadda, wanda nake bar wa makulli in zan yi nisa. Goronsa kawai ya ci gaba da ci. Har haushi ya ba ni.

Ranar kasuwa na iso na tarar da shagona a buɗe, cike maƙil har rufi. Shadda, leshi, yadi, atamfa irin wadda rabona da taɓa ta an daɗe. Ashe tsohon nan bin layin ya yi shago-shago, kowa ya ba da aro.

Na ce, "Baba, mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Rufin asiri. Yau ka fara ganinai? Zamna ka gyara hularka."

Da hantsi sai ga su cikin motar haya, maza da mata, kowa da kayan makaranta. Suka gaishe ni, suka kafa mini waya a baki. Yaya ka fara? Wa ya koya maka? Yaya ake gane kaya mai kyau? Ban yi musu ƙarya ba, labarin da na bayar duk ya faru, sai dai tuntuni. Na nuna musu yadda ake murza gefen atamfa a ji ko sitaci ne ya cika ta. Wata yarinya mai kaifin baki ta tambayi matsalolin da nake fuskanta, na ce sai haƙuri, ta rubuta.

Maƙwabta kuwa suka zaƙe. Wannan ya leƙo ya ce Alhaji a taimaka masa da leshi, nasa ya ƙare. Wancan ya ɗaga murya da Dandanci, yaren mutanen bakin iyakar, wai kayana sun iso tsallake. Kai, mutanen nan! Murmushi na yi ta yi har muƙamuƙina ya yi tsami. Shi gogan, ɗan nawa, yana can baya, bai yi tambaya ko ɗaya ba, sai shafa shadda yake yana duban abokansa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma gaji kamar na wuni ina shuka.

Bayan azahar suka shiga mota, shi ya ce su tafi, zai biyo ni. Ya zo ya durƙusa a bakin kanta.

"Baba, na yi tunani. In mun gama ba zan rubuta jarrabawar shiga jami'a ba. Malam ya ce aikin gwamnati ba ya isar kowa, wanda ke da sana'a a gida ya kama ta. Nan zan dawo in zauna tare da kai."

Na dubi tsohon Geza, ya kau da kai ya shiga kakkaɓe tabarmarsa. Da na so, tsawa ɗaya ta isa. Amma na san jinina. Zai je ɗakin jarrabawar ya zauna, zuciyarsa tana nan cikin kayan mutane.

Na ce, "Tashi. Kwashi shaddar can ka kai wa Baba maƙwabcina, tasa ce."

Ya kwasa da sauri, a zatonsa ciniki aka yi. Ya dawo na ce leshin na mai shagon ƙarshe ne. Yadin na wancan mai jar hula. Atamfar sama ta Hajiya ce, ta bayan masallaci. Tun yana gudu har ya koma tafiya, ya daina tambayata. Masu kayan suna karɓa ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ni kuwa ina zaune ina nuni da hannu, ba ni da ƙarfin da ya wuce wannan.

Da ya dawo daga sawun ƙarshe, abin da ya rage 'yan turamen nan ne nawa da rana ta cinye wa launi. Ya tsaya yana kallon katakon kanta.

"Tun yaushe, Baba?"

Na ce, "An jima. Jawo ƙofar mu tafi."

Muka hau mashin muka koma Bagudo. Jarrabawa dai ya rubuta, yanzu haka yana karatunsa, alhamdu lillahi. Abin da na nema na samu.

Amma washegarin waccan ranar kasuwar ya riga ni fitowa. Ya turo mini mashin har ƙofar gida, ya goge sirdin da hannun rigarsa, ya sassauta murya irin yadda ake yi wa majinyaci.

"Baba, ko ka huta yau?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na karɓi mashin na tafi na buɗe shago.