Littafin da Aka Ɗaure da Jan Zare

Duk layin babu mai kiransa da ainihin sunansa. Baba Mai Gam ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai, abin da ba ya wuya. Shagonsa wani ɗan matsattsen ɗaki ne tsakanin mai gyaran rediyo da kantin magani, ciki da tebur ɗaya, da benci, da tukunyar gam, da wata tsohuwar wuƙar yankan takarda mai dogon hannu wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Ɗinkin littattafai ne aikinsa. Ɗalibai sukan kawo takardunsu, malamai su kawo ƙamus da ya yage, amma abin da ya fi zuwa hannunsa shi ne Littafi Mai Tsarki.

Yakan ce daga inda littafi ya mutu yake gane mai shi. Wanda ke karantawa, nasa daga ciki yake lalacewa: zare ya saki a tsakiya, gefen shafi ya yi baƙi da dattin yatsa, a tarar da ɗigon shayi a wata sura. Irin wannan idan ya zo, Baba yakan karɓe shi da hannu biyu. Wanda kuwa ɗauka kawai yake yi, bangon ne ke mutuwa, gumin hammata ya cinye shi, ciki fari fat kamar jiya aka sayo. A 'yan shekarun nan irin na biyun ya yi yawa. Sai kuma wani iri na uku ya ɓullo, masu maiƙo, waɗanda aka tsiyaya wa man shafewa na addu'a har takardar ta koma kamar wadda aka ƙunshe soyayyen nama a ciki. Su ne ke tayar masa da hawan jini.

Da ya ga irin wannan sai bakinsa ya buɗe. Ya fara ba da labarin mutanen da can, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, waɗanda aka ɗaure, wasu aka ƙone, don kawai manomi da mai wanki su samu littafin nan a harshen da suka sha a nono. Ya ce sun yi faɗa ne don a daina sayar wa talaka gafarar da aka riga aka ba shi kyauta, don kuma kowa ya san yana iya durƙusawa ya yi magana da Allah ba sai ya bi ta ofishin wani ba. Ga shi yau jikokinsu sun mayar da littafin matashin kai. Mai rediyo ya haddace wannan wa'azi tsaf, da ya ji an kai wajen ƙona mutane sai ya ƙara murya a akwatin da yake gyarawa.

Gaskiya ce Baba yake faɗa, ni ma ban ce ƙarya ba ce. Matsalar ita ce shi mutum ne da ba ya iya miƙa maka gaskiya a hannu, sai ya cusa maka ita har maƙogwaro. A gidansa, lokacin da yara suke ƙanana, kowace safiya ana sujada. Zai miƙa wa yaro littafin ya ce ya karanta, kafin yaron ya kai ƙarshen aya ya karɓe zancen, ya yi ta bayani har shayi ya huce, har a makara makaranta. Matarsa ta sha gaya masa cewa yaran nan muryarsa kawai suka sani, ba su san muryar littafin ba. Ya ce ita ma da ta saurara da kyau da ba ta faɗi haka ba.

Akwai kuma abin da ba ya so a yi zancensa. Yanar ido ce ta kama shi. Manyan haruffa yana gani, amma ƙananan nan na Littafi Mai Tsarki sun koma masa kamar tururuwa a cikin hazo. Ɗinki da laluben yatsa yake yi, ayoyi kuma da ka yake kawo su. Matarsa ta yi ta fama da shi ya je a duba idon, ya ce tabaraun ne suka tsufa.

Autarsa ita ce ta fi kwanta masa a rai, ita ce kuma ta fi ba shi ciwon kai. Tana da aure, mijinta direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan zama a gida. Ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowanne ya tafi da wani abu na fara'arta. Bayan na ƙarshen ta bar cocinsu ta koma wani sabo da aka buɗe a tsohon sito bayan tasha, inda ake kiran shugaban Babanmu. Wannan suna kaɗai ya hana Baba cin abinci ranar da ya fara jin sa. Ya tambaye ta uba nawa gare ta, ta ce masa shi wancan na ruhaniya ne. Ya ce to, shi na gam ne ke nan.

Yanzu Auta na da juna biyu, cikin har ya fara turo riga. Wata safiya, a hanyarta ta zuwa awon ciki, ta shigo shagon ta ajiye wani ƙunshi a tebur. Da ya kwance ƙyallen ya gane littafin tun kafin ya ɗaga shi. Shi ya ɗinka masa bangon fata da hannunsa, ya ba ta ranar aurenta. Yanzu ga shi ya jiƙe sharkaf da mai, an zagaye shi da jan zare an ƙulle, bangon baya kuma ya ɓalle yana reto, don mai ya cinye gam ɗin.

"Baba, bangon kawai za ka manna," in ji ta. "Don Allah kada ka taɓa zaren."

"Wa ya ɗaure shi kamar akuya?"

"Babanmu ne. Ya yi addu'a a kai. Ya ce in riƙa kwana da shi a jikina, kada a buɗe sai na sauka lafiya. In aka buɗe, kariyar ta tashi, abin da ya biyo baya ni na ja wa kaina."

"Na baya da suka zube fa? Su ma ke kika ja?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce bangaskiyata ce ba ta cika ba."

Baba ya ja numfashi zai fara, ta ɗaga hannu. "Na san labarin waɗanda aka ƙona, Baba. Zan makara. In na dawo zan karɓa."

A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari. Ya juya littafin ta nan, ya juya ta can, ya nemi yadda zai zura gam ta ƙarƙashin zaren. Amma ba a manna bango a kan maiƙo, kuma ba a cire bango alhali an ɗaure shi. Yana juyawa warin man na hawa masa kai, yana tuna fuskar 'yarsa lokacin da ta ce bangaskiyarta ce ba ta cika ba. Bai san lokacin da almakashi ya shiga hannunsa ba. Zaren ya faɗi a tebur.

Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Sai ya ga gefen shafukan duk sun manne da mai, ya ce bari ya ɗan aske su. Ya sa littafin a ƙarƙashin wuƙar, ya gwada da idon da ba ya gani, ya danna hannun da duk haushin da ke cikinsa. Wuƙar ta shiga fiye da kima, ta kwashe saman shafukan gaba ɗaya, inda lamba take da sunan kowane sashe. Yana ɗaga littafin don ya ga ɓarnar, zaren ɗinkin da mai ya riga ya ruɓar ya saki. A daidai lokacin wutar lantarki, wadda tun asuba babu ita, ta ga dama ta dawo, fankar sama ta tashi da ƙarfinta. Shafukan ƙarshen littafin suka watse ko'ina a ɗakin.

Haka Auta ta dawo ta tarar da shi, a durƙushe yana tsintar takardu a ƙarƙashin benci. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi jan zaren a tebur, ta dafa cikinta, ta zauna a hankali kamar wadda ke tsoron kada wani abu ya zube. Tsoron da ya gani a idonta ya fi duk zagin da za ta iya yi masa zafi.

"Ka kashe ni, Baba."

"Auta, saurara. Zare ne fa. Zaren da ake sayarwa a kowane kanti. Ai an rubuta cewa..."

"An rubuta, an rubuta. Ni ban taɓa ganin abin da aka rubuta ba. A gidanka ina buɗe baki kake karɓewa. Babanmu ya ɗaure shi da zare, kai tun ina ƙarama ka ɗaure shi da bakinka. Gara shi ma, ya ce zai taimake ni."

Baba ya ci gaba da tsintar takardun.

Ta share ido ta ce ya haɗa mata littafinta yanzun nan, za ta kai wa Babanmu ta roƙe shi ya sake ɗaurewa, ko Allah zai sa a dace. Baba ya ce ba a ɗinka littafi sai an jera shi, kuma lambobin sun tafi. Hanya ɗaya ce ta rage, wadda ake bi da tsofaffin littattafai: a karanta layin ƙarshe na shafi, a nemo shafin da layinsa na farko ya ɗauki zancen. Ta ce to ya yi mana. Ya murza gam a yatsunsa, sannan ya ce idonsa ba ya gani. Ta dube shi, ta dubi tabaraun, ta yi tsaki, ta ja tarin takardun gabanta.

Da haushi ta fara, tana karanta layi ɗaya kamar mai tauna magani, ta lalubo abokinsa ta miƙa masa, shi kuma ya goge man da tsumma ya jera. Rana ta yi sama, mai rediyo ya leƙo don ya ji shirun ya yi yawa, ya koma. Sannu a hankali layi ɗaya ya daina isarta, don wani lokaci sai ta koma baya kaɗan kafin ta gane inda zancen ya dosa.

Can ta ɗauko wani shafi, ta karanta ƙasansa. Labarin wani mutum ne da aka haifa makaho, almajiran Yesu suka tsaya a kansa suna tambaya laifin wa ya jawo masa haka, nasa ne ko na iyayensa. A nan shafin ya ƙare.

Auta ta tsaya. Ta shiga tarin da sauri, ta juya wannan ta ajiye, ta juya wancan. Babu. Ta sauka daga bencin da cikinta da komai, ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba bayan ƙofa. Baba ya san amsar, tana kan harshensa tana tsalle, ya buɗe baki.

"Kada ka gaya mini," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba.

A gindin tukunyar gam ta same shi, ya manne. Ta ɓamɓare shi a hankali, ta koma kusa da ƙofa inda haske yake. Ba ta karanta a fili ba, leɓenta kawai ke motsi. Ta kai inda aka ce ba laifin mutumin ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ta koma ta sake bi ta kai da yatsa. Hawaye ya ɗiga a takardar, bai shiga ba saboda man.

Baba ya gyara murya. "To, ma'anar wannan wuri ita ce..."

"Baba, yi shiru. Ba kai ka ce kowa ya karanta da kansa ba?"

Ya yi shiru. Ban taɓa jin an yi wa mutum hukunci mai tsanani irin wannan ba. Bayani ya cika masa ciki har wuya, da misalai, da tarihin waɗanda aka ƙona, amma ya zauna yana goge shafin da ya riga ya goge, ita kuma ta ci gaba da karatunta har bayan takardar.

Da ta gama ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta dafa cikinta ta ce, "In wannan ma ya tafi fa?"

"Ban sani ba, Auta," in ji shi. "Ina roƙon Allah kada ya tafi. Ke ma ki roƙa, yana jin ki."

Ta jira ta ji sauran, sauran bai zo ba. Ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta ce akwai aiki da yawa, gobe za ta dawo su ci gaba. Shafin nan kuwa ta saka shi a jaka.

"Ba zan iya ɗinki babu shi ba," in ji Baba.

"Zai kwana wurina."

"A ƙarƙashin filo?"

"A'a. Ban gama karanta shi ba."

Ta fita. Jan zaren yana nan a tebur inda ya faɗi, ta wuce ta gefensa ba ta ɗauka ba. Da yamma da Baba ya koma gida, ya ce wa matarsa ta tambayo masa ranar da likitan ido yake zama.