Ƙwaron da Ƙanena Bai Kama Ba

Ƙanena ya haura talatin, ga gemu, ga aiki a wani ofis a Ikara, amma a shekarar da nake magana ba shi da sana'ar da ta wuce kamun fara. Ba irin farar da muke kamawa muna yara a soya da yaji ba, wadda ko ba komai za ta shiga ciki. Tasa tana cikin wata 'yar na'urar wasa mai allo da ya saya a hannun abokinsa. A ciki akwai wani ɗan mutum mai ƙaton kai, wai shi ne ƙanen nawa, yana yawo a tsibiri da raga a sanda, yana bin malam-buɗe-littafi da mazari da buzuzu. In ya kama sai ya ɗaga ƙwaron sama yana washe baki, na wajen ma ya washe nasa.

Har fatauci yake yi, don Allah ku ji. Duk Lahadi zai sayi wani farin kayan lambu, shi ba albasa ba shi ba gwaza ba, ya jibge a ɗaki, ya yi ta leƙen farashi safe da yamma, don in mako ya zagayo bai sayar ba ruɓewa yake yi. Masu sayen kuma dabbobi ne sanye da riguna. Mutumin da in Inna ta aike shi kasuwar Makarfi sayen attaruhu sai an cuce shi, shi ne yake zaunar da ni yana min bayanin hawa da saukar kaya. Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Ya ce, "Yaya, ba za ka gane ba ne, abin yana kwantar da hankali." Hankalin da ban taɓa ganin ya tashi ba, ban san me ake kwantarwa a cikinsa ba.

Ni kuwa a ranin nan tumatir na dasa a fadamarmu, kusa da Nasarawan Doya, kuma na san abin da zan yi da shi tun kafin ya yi fure. Kwanon ɗakin Inna tun wanda marigayi Baba ya buga ne, ya ci tsatsa, damina biyu tana zaune tsakanin robobin tarar ruwa. Na yi mata alkawari a gaban kowa cewa kafin ruwan bana ya sauka za ta shiga sabon rufi.

Tumatir ya fara 'ya'ya ke nan, zafi ya kama, sai ciwo ya kwantar da surukina a Kaduna, dole na tafi jinya. Ban ruwa ba matsala, wani dattijo mai gonar rake a maƙwabta shi ke kunna mana inji tare. Abin da ke tsorata ni shi ne sharon. Haka manoma suke kiran wani ɗan ƙwaro mai fiffike, toka-toka, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wanda tsutsarsa ke shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki. In aka gan shi da wuri aka yi feshi, a kan tsira da wani abu. In aka yi sakaci na mako guda, sai dai a yi wa mutum jaje.

Na kama hannun ƙanena na kai shi fadamar, don a kan hanyarsa ta ofis take. Na juya masa ganye na nuna masa. Na ce kullum da safe ya tsayar da babur minti biyar ya duba, in ya ga fari-fari a ganye ya kira ni nan take. Ya ce, "Haba Yaya, ni da ƙwari? Ai ka kawo inda ya dace." Na yi dariya, wallahi na yi dariya.

Nan ne nawa wautar ta shigo, ba zan ɓoye ba. Kullum nakan kira shi, mu gaisa yadda aka saba. Ya gida, ya Inna, ya aiki, ya zafi, ya gona. A jere nake zubo su, shi ma a jere yake amsawa, lafiya lau, alhamdulillahi. To wa ya taɓa amsa gaisuwa da "ba lafiya"? Mutum yana kwance rai a hannun Allah ma lafiya lau zai ce. Na cusa tambayata a cikin gaisuwa, ta tafi tare da ita. Ranar da na ɗan matsa na ce, "Ƙwari fa?" sai ya ce, "Yanzu haka ma su nake bi, yau na kama uku." Na ajiye waya ina sa masa albarka, har na gaya wa matata cewa ashe yaron nan ya fara hankali.

Kwanana goma sha biyu na dawo. Ban shiga gida ba, fadama na wuce. Tun daga bakin hanya na hango ɓarnar. Gonar ta bushe ƙurmus kamar an bi ta da wuta, 'ya'yan duk huji, in ka taɓa reshe sai ƙwarin su tashi. Dattijon ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce tun kwana na huɗu ya ga alama, ya tare ƙanena a hanya ya gaya masa, shi kuma ya ce masa kada ya damu, kullum yana waya da ni.

Na aika aka kira shi. Ya zo da na'urar a aljihun gaba, har da wayar caji tana reto. Na ce, "Sau nawa ka tsaya a nan?" Ya ce sau ɗaya, kuma ya ga ganye kore ne. Na ce, "Ukun da ka kama fa?" Ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin raina ya ɓaci irin na ranar ba. Muna tsaye sai ɗaya daga cikin ƙwarin ya sauka a hannun rigarsa. Ya ɗago hannun a hankali, ya ƙura masa ido, ya ce, "Wannan ne sharon ɗin? Ikon Allah, ni ba ni da irinsa."

Ban mare shi ba, don dattijo na wurin.

Ruwan farko ya sauka wata la'asar, muna zaune a ɗakin Inna mu uku. Ta tashi ta jawo robobinta daga ƙarƙashin gado ta jera su inda ta saba, ta matsar da tabarmar sallarta gefe. Ba ta kalle ni ba, kuma na fi son da ta zage ni. Ƙanena yana lungu da abarsa a hannu, ya rage mata sauti don kunya. Na leƙa allon. Ɗan mutumin nan mai ƙaton kai yana tsaye a ƙofar gidansa, gida har da bene, an tambaye shi launin da yake so a yi wa sabon rufinsa, yana ta juyawa tsakanin ja da shuɗi.