Wake Talatin da Uku, da Ƙafar da Ta Karye

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce daga Banga, ta wajen Ƙaura. Ban yi boko ba, autata ce ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. A shekarun da zan ba ku labarinsu, maigidana ya riga mu gidan gaskiya, ya bar ni da ƙarfina da taɓaryata. Aikina sussuka da shiƙa. In kaka ta yi, ina gonar wane, gobe ina gonar wane. In rani ya yi, ina kasuwar hatsi ta Ƙaura muna gyara wa 'yan kasuwa gero da dawa. An san ni. In anka ce wace ce ba ta aje taɓarya sai ladan ya kira azahar, ni za a nuna. Da wannan suna nake taƙama, kuma shi ya ja ni inda ya ja ni.

To, ana nan ana nan, ƙugu ya fara yi mini tsiya. Ƙawata da muke turmi ɗaya ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini wata 'yar ƙwaya, rabi kore rabi rawaya. Ta ce tramol sunanta, maganin gajiya ce kawai, da ita maza ke yini huɗa ba su ko tsaya shan fura. Na haɗiye. Rannan na yi aikin mata biyu ina waƙa. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, har ya zama ba don ciwo nake sha ba, don in iya tashi in yi alwala ne. Shekara shida ina haka, ba wanda ya sani a gidana. Sai ranar sunan jikata a Shinkafi, cikin taron mata, na zube ina karkarwa, kumfa na fita bakina. Anka ce iska ce. Ɗana na fari ya tara malamai, anka yi ta tofi da turare da rubutun sha. Ina kwance ina jin su, na san iskar da ta kama ni tana ƙulle a bakin zanina, amma na yi shiru.

Wata malamar asibiti, maƙwabciyar autata, ita ce ta rufe ƙofa ta dube ni cikin ido, ta ce Inna ki faɗa mini abin da kike sha, ni ba malamin tsibbu ba ce. Na faɗa mata, autata na tsaye tana hawaye. Ta ce ba a yanke ƙwayar nan dare ɗaya, sai da rage-rage, ta kuma tsara mini yadda zan yi. Na sha wuya irin wadda ban sha ba a haihuwa tara: zufa, zawo, hamma, ƙafafu kamar tururuwa na yawo cikin ƙashi. Ran da na haɗiye ta ƙarshe, na koma gida na sami wani ƙaramin ƙoƙo. Kowace safiya in na sallame asuba, sai in jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki. Na yi wa Ubangijina alkawari, duk ran da na koma, da hannuna zan zubar da waken gaban kaji.

Wake ya kai talatin da uku, adadin tasbaha guda. Ranar na ji ni wata ce. Nan na yi kuskuren da ba na mantawa. Da ma malamar ta ce mini jiri bai gama sakina ba, kada in hau komai, kada in leƙa rijiya. Amma akwai kuɓewa da na yanka tana son shanya, ni kuma ina son in nuna wa kaina har yanzu ni ce waccan mata ko ba ƙwaya. Na ɗora faifai a ka, na kama tsani zan hau soro. A mataki na ƙarshe duniya ta juya. Ban san saukowata ba, ƙarar da na ji kawai nake tunawa, kamar an taka busasshen kara. Ƙwaurina na hagu ne ya karye.

Kafin la'asar ɗakina ya cika. Ga maƙwabta, ga surukai, ga ƙawar tawa ta turmi. Autata, ita kaɗai cikin 'ya'yana da ta san sirrina, tana Shinkafi, hanya kuma ba ta biyuwa da yamma a wancan lokaci. Anka ɗauko mai ɗori daga Dauran, dattijo ne da ya gaji sana'ar wajen ubansa. Ya taɓa ƙafar ya ce ƙashi ya hau ƙashi, sai an ja. Ya ce a ba baiwar Allah abin da zai kashe mata zafi tukuna, yanzu kowa tramol biyu yake sha kafin ya sa hannu. Kafin in buɗe baki, ɗana ya hau kabu-kabu ya tafi kemis.

Sai na gaya muku yadda muke da wanga ɗa, don ku gane. Ɗan fari ne. Tun da anka yaye shi uwata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa cin abinci gabansa ba. In zan yi zancensa, wancan yaron nake cewa, alhali yana da furfura a gemu. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena na faɗi. Gaisuwa daga bakin ƙofa, shi ke nan maganarmu shekara arba'in da wani abu. Haka munka tarar, haka munka yi.

Ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya miƙa wa matarsa ta miƙo mini. Na ga koren nan da rawayan nan. Wallahi yawu ne ya cika bakina. Zuciya ta ce mini sha, wa zai zarge ki, ƙafa ce a karye, ko azumi an ɗauke wa mara lafiya. Na juya kai na ga ƙoƙona a kan taga. Na ce ba ni sha. Mata sunka hau lallashi. Ƙawar tawa ta matso tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce ke da kike haɗiye huɗu ba ruwa, yau kuma amarya kika koma, to ba ni in riƙe miki. Mai ɗori ya ce shi dai rana na faɗuwa, kuma Dauran ba kusa ba. Sai na ji ɗana daga waje yana ce wa matarsa ta dama kunu ta buɗe ƙwayar a ciki, rigimar tsufa ce kawai.

Nan na san kunya za ta kashe ni a kwance. In na yi shiru, da hannun ɗana za a mayar da ni inda na fito, kuma da ƙauna zai yi. Na tattara numfashina na kira shi da sunansa na yanka. Wata tsohuwa ta yi salati. Ya shigo kamar wanda anka kira daga barci. Na ce masa ya zauna nan kusa da kaina. Gaban surukai, gaban kowa, na gaya masa ba iska ce ta kayar da ni a Shinkafi ba, abin da ke hannun matarsa ne. Na gaya masa shekara shida, na gaya masa wake talatin da uku. Na ce gara ƙafar ta tafi da in zubar da waken nan.

Ya juya wajen matarsa. Sannan ya karɓi ƙwayar ya jefa a murhu, ya ce Yaya ki yafe mini, ban sani ba. Ya zagaya bayana ya riƙe kafaɗuna, hannun da rabona da shi tun yana shan nono. Na cusa bakin gyale tsakanin haƙora. Mai ɗori ya yi bismilla ya ja. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ihun da anka ji a bakin rijiya, na kira uwata da ta shekara ashirin a kabari. Amma ido biyu anka ɗora ni. Da ya gama ɗaure karare, dattijon ya share zufa ya ce ya ɗora ƙattin maza da yawa, yau dai ya gamu da wadda ta fi su.

Washegari na jefa wake na talatin da huɗu ina kwance. Autata ta zo da malamar, anka kai ni asibiti anka yi hoto, sunka ce ƙashi ya zauna, sunka ba ni maganin da ba ya kama mutum. Kaɗan yake rage zafi, sauran ni na ɗauka. Wata biyu ina kallon rufin ɗaki. Abin da ya fi ciwon wuya shi ne 'yan dubiya, don a wajenmu mai zuwa sannu ba ya zuwa hannu sake, kuma kowa da maganin da ya yarda da shi. Sai ɗana ya aje harkar hatsinsa ya shimfiɗa tabarma a zaure; lemu ya wuce, fura ta wuce, ƙwaya ta koma da mai ita. Mata sunka sa masa suna kwastan. Ƙawata ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, amma ana gab da kwance ɗorin ta dawo ta tambaye ni ko malamar nan tana karɓar kowa.

Yau ina ɗingishi, kuma ban sake riƙe taɓarya don aikin wani ba. Da waken ya cika shekara, ɗana ya shuka shi a gefen gonarsa, munka ci munka yi sadaka, na fara sabon ƙoƙo. Abin da na koya ke nan: kunya ado ce, ban raina ta ba, amma ciwon da ka ɓoye wa naka, su za su ba ka shi a kunu. 'Yan'uwana mata masu aikin ƙarfi, in anka kwance muku bakin zani, ku kau da kai. Wadda ta riga ta shiga ta nemi ma'aikatan lafiya, ta kuma faɗa wa mutanen gidanta tun tana tsaye. Wadda ta fara fita, kada ta yi gaggawar hawa tsani kamar ni. Masu zuwa dubiya, ku kawo addu'a, ku bar magani ga masu shi. Ni dai na rasa tafiyata ta da, amma wancan yaron yanzu a ɗakina yake shan furarsa, kuma da sunansa nake kiransa.