Tsarabar Inna Daga Bakin Teku

Mun tashi da asuba ranar da za mu bar Sousse, garin nan na bakin teku a Tunisiya inda muka yi hutun mako guda ni da maiɗakina. Ina sallame salla gabana ya faɗi, na tuna da saƙon Inna. Ranar da muka je yi wa tsohuwar tawa ban kwana a unguwar Goudel ta Yamai ta ce ba ta son zane, ba ta son dabino, ruwan teku kawai za mu kawo mata. Wata ƙawarta ce ta gaya mata yana maganin ciwon gwiwa, ita kuwa tunda take ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa da ya ratsa garinmu ba. Na ce an gama. Kwana shida ina tsoma ƙafa a ruwan nan, wallahi ko sau ɗaya bai faɗo mini ba!

Na suri gorar roba na yi bakin ruwa. Kai, safiyar nan ta yi kyau! Masunta na dawowa da ƙananan kifaye, kyanwoyi sun jeru suna jiran rabonsu, wasu tsofaffin mata sun shiga ruwa da tufafinsu suna hira kamar a gidan suna. Na naɗe wando na duƙa zan ɗiba, igiyar ruwa ta zo ta jiƙa ni har ƙugu. Wani dattijo mai sayar da soyayyar fulawa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni guda kyauta, da zafinta, an barbaɗe ta da sukari.

Muka karya da ƙwai cikin wata fulawa mai ƙaras-ƙaras, da yajinsu ja da ke sa hawaye. Kifi a can araha ne, amma kofin shayi ɗaya a bakin ruwa ya isa kuɗin kalacin mutum biyu a unguwar Gaweye ta Yamai. Daga nan kar, wato babbar motar fasinja, ta ɗauke mu zuwa filin jirgin saman Tunis, hanya sumul babu rami, itatuwan zaitun layi-layi har inda ido ya tsaya.

Maiɗakina ta ce in sa gorar cikin babban akwati. Na ƙi. Ni da na saba zuwa Tahoua da gora a cinya, yau za a koya mini riƙon ruwa? Kuma saƙon uwata ba zan bari a yi ta jifa da shi cikin kaya ba. Haka na rungume abata har akwatunan suka wuce.

A wurin binciken jakar hannu wata ma'aikaciya ta tsayar da ni, ta ce ruwa mai yawa haka ba ya shiga jirgi, sai ƴar ƙaramar kwalba. Na zuba mata duk Faransancin da na sani, har da labarin gwiwar Inna. Ta tausaya, amma doka doka ce. Wani ɗan kasuwar ƙasarmu da ke bayana ya raɗa mini, "Alhaji, in ka isa Yamai ka jiƙa gishiri a ruwan famfo, wa zai sani?" Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ni zan sani.

Sai maiɗakina ta buɗe jakarta ta zaro kwalbar turaren da ta ɓata yini guda tana ciniki a tsohuwar kasuwa, wanda ko ni ba ta bari na taɓa ba. Ta tuttula wa gyalenta, ta tuttula wa rigata, ta bi mutanen layi tana shafa musu, har ma'aikaciyar ta miƙo hannu tana dariya. Ta je ta ɗauraye kwalbar, muka cika ta da ruwan teku, sauran muka zubar. Har muka sauka Yamai jirgin nan ƙamshinmu yake yi.

Washegari da safe muka bar gidanmu na unguwar Talladjé zuwa Goudel. Na miƙa wa Inna ƴar kwalbar ina jin kunya, don ko tafin hannunta ba ta cika ba. Ta buɗe, ta ɗiga a harshe, ta yamutse fuska ta ce, "Gishiri kuwa!" Sai ta kai hanci. "Ikon Allah! Ashe haka teku yake da ƙamshi? Shi ya sa kuka so ku zauna can." Na buɗe baki zan yi bayani, maiɗakina ta take mini ƙafa. Inna ta shafa a gwiwoyinta tana sa mana albarka, ni kuwa daɗi ya cika ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini biyu ne. In mata ta ce a sa abu cikin akwati, a sa. Sannan na je kallon teku, na dawo na ƙara sanin matar da muke tare shekara ashirin. Gwiwar dai Inna ta ce da sauƙi. Ɗigo-ɗigo take amfani da ruwan, kuma duk maƙwabciyar da ta shigo gidan sai an ba ta ta shinshina teku.