Tukunyar da Na Wanke

Shekarar da muka sake ginin ɗakin baya a gidanmu na Jakara, masu haƙar tushe suka ci karo da wata tsohuwar tukunya a zurfin da ya kusa tsayin mutum. Bakinta ya ɗan fashe, wani busasshen abu baƙi-baƙi ya manne a cikinta, ga gawayi kewaye da ita.

Baffana, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan lokacin. Tun muna yara yake cewa kakanninmu marina ne kafin su koma sayar da goro, mu kuwa sai mu yi ta dariya a ɓoye, don ba wanda ya taɓa ganin ramin rini a lungunmu. Da ya leƙa tukunyar, ya kankaro abin da farce, ya shinshina, ya ce, "Shuni ne wannan. Ai na sha gaya muku."

Ni na je jami'a na yi tambaya, aka haɗa ni da wata malama mai aiki a ɗakin gwajin kayan tarihi. Ta ce za ta zo ranar Laraba. Sai na ji kunyar a ce baƙuwa ta zo ta tarar da abu duk ƙasa. Ranar Talata, Baffa yana kasuwa, na sa soso da sabulu na dirje tukunyar tas, ciki da waje. Gawayin kuma na sa aka kwashe da ƙasar haƙa aka zubar.

Malamar ta zo da safar hannu da 'yan ledoji. Ta daɗe tana kallon cikin tukunyar.

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ne, Malama."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da ɗan ƙanƙanin abin da ya manne na'urarsu za ta iya bambance shuni da ragowar abinci, gawayin kuma da shi ake ƙiyasta shekaru. "Abin da ka wanke shi muka zo nema," in ji ta. Ta tambayi ramin, na nuna mata inda magina suka riga suka zuba kankare.

Duk da haka ta ɗauki ɗan ɓarɓashi daga bakin tukunyar. Bayan wata biyu ta kira ni: ginin hannu ce, yumɓun irin na nan ƙasarmu ne, amma a jikinta ba su ga komai ba sai sabulu.

Da Baffa ya tambaye ni me na'urar ta ce, na gaya masa duka. Sai ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Daga ranar ban sake jin ya yi zancen marina ba, ko da jikoki sun tambaya. Na yi ta niyyar zama da shi in ba shi haƙuri, ina ɗagawa, har ya rasu bayan shekara biyu.