Kurkum a Fuskar Inna

Inna mai gyaran amare ce a Gwarzo. Na tashi ina ganin tafin hannunta rawaya da kurkum, har na zaci haka Allah ya halicce ta.

Da ciwon daji ya kama ta a nono, allurar asibitin Kano ta zubar mata da gashi, fatarta ta yi duhu. Ba wannan ne ya dame ta ba. Damuwarta tsohuwarta, kakata da ke Kabo, wadda muka ɓoye wa ciwon. Kullum sai ta aiko: yaushe 'yarta za ta zo?

A lokacin na ji a rediyo wai akwai wani sinadari a cikin kurkum mai hana ƙwayoyin cutar yaɗuwa, har ya sa su mutu da kansu. Na wuni ina mafarki ido biyu, ina ganin garin nan rawaya yana bin jininta lungu-lungu yana shara. Da na tambayi likitarta, ta ce gaskiya ne, amma a ɗakin gwaji aka gani, jikin mutum kaɗan yake iya ɗauka. Kada mu bar allura. Na ji haushinta, ko da yake ba ta yi ƙarya ba.

Da na gaya wa Inna, dariya ta yi. "To, in ba ya shiga ciki, ai yana zama a waje. Kwaɓo min, ki gyara ni mu je Kabo."

Na kwaɓa da madara yadda take yi wa amare, na murza mata a hankali, tana gyara min hannu tana cewa na cika gaggawa. Hasken hantsi ya sauka a kanta, ta lumshe ido. Wallahi ta yi kyau.

A Kabo kakata ta rungume ta, ta shinshina wuyanta, ta tsokane ta wai ko sabon miji aka samu. Suka wuni suna hira a inuwar darbejiya. Na ce a raina, mun tsira.

Da za mu tafi, Inna ta yi gaba zuwa mota. Tsohuwar ta kamo hannuna, ta juya tafin, ta daɗe tana kallon rawayar.

"Kin iya, 'yar nan," ta ce a hankali. "Amma ni na haife ta. Kada ki gaya mata na sani."